Randar Alhazan Babban Jirgi

A shekarun da kuɗin man fetur suka ɓarke a ƙasar nan, mu mutanen Wudil mun kamu da wata cuta wadda ba ta zuwa da zazzaɓi ko ciwon kai, wato son abu babba. Mai keke ya fara jin kunyar hawansa, mai babur yana hararar mota, mai ƙaramar rediyo ya je Kano ya sayo wadda sai an saɓa ta a kafaɗa. Telolin bakin kasuwa kuwa har sun gaji da ƙara wa riguna faɗi. To a cikinmu duka babu wanda cutar nan ta yi wa mugun kamu kamar Ƙasimu maginin tukwane.

Ƙasimu ya iya aiki, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. In ya gina tulu, ruwan ciki sai ya sa haƙori tsami don sanyi. Matsalarsa ɗaya ce, bakinsa ya fi hannunsa sauri. Ga shi kuma a shekarar ne Baba Wali, Sarkin Tukwane, ya ce tsufa ya cim masa, kafin alhazai su tashi zai sauka ya naɗa wa ɗaya daga cikin manyan yaransa biyu rawani, ko Ƙasimu ko Sabo. Shi Sabo ba mai magana ba ne, in ka gaishe shi ma sai ka ƙara kunne. Ƙasimu kuwa tun ranar da ya ji zancen ya fara gwada tafiyar sarauta a tsakar gida, kaji suna ba shi hanya. Rawanin nan yake so, so na haƙiƙa, har yana hana shi jin daɗin tuwo.

Ana nan sai Alhaji Haladu, mai harkar kujerun Makka, ya ɗauke shi a mota zuwa Kano don ya sauke masa wasu tuluna a gidansa na birni. A hanyar dawowa Alhaji ya biya ta filin jirgin sama. Can Ƙasimu ya hango wani abu a tsaye wanda ya sa hularsa ta kusa faɗuwa.

"Alhaji, wannan jirgi ne ko unguwa?"

"Jirgi ne, Ƙasimu. Har bene gare shi a ciki. Ɗaruruwan mutane yake haɗiyewa bai ƙoshi ba. Kamfanin da nake hulɗa da shi ya ba da odar irinsa. Bana alhazan Wudil da Utai da Darki da Indabo duk a ciki ɗaya za su tafi. A filina na bakin gada zan tara su, daga nan motoci su kwaso su gaba ɗaya."

"Ruwan shansu da na alwala fa?"

"Sai a jera randuna."

Ƙasimu ya girgiza kai kamar an zage shi. "A jera randuna? Haba Alhaji, zamani ya wuce nan. Jirgi ɗaya, randa ɗaya."

Alhaji Haladu ya yi dariya har tumbinsa na taɓa sitiyari, ya ce, "In za ka iya, ka yi mini." A wancan zamani kuwa in mai kuɗi ya ce ka yi mini, an gama kwangila ke nan.

Washegari da hantsi Ƙasimu ya isa teburin Maikano mai shayi, inda duk wani zance na unguwar yake sauka. Bai ko gama amsa gaisuwa ba ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ƙaramin abu ya mutu. Na gani da idona. Turawa sun daina ƙera ƙananan jirage, ni ma daga yau na daina gina ƙananan randuna. Zan gina wadda za ta shayar da cikin jirgi guda, Alhaji Haladu ya riga ya ba da oda."

Da a ce mu masu hankali ne a lokacin, da dariya za mu yi masa mu ci gaba da shan shayinmu. Ina! Maikano ya ajiye ludayi ya ce shi ma a yi masa guda, ya gaji da aiken 'yan garuwa. Ladanin masallacin unguwa ya ce masallaci ya fi kowa buƙata. Wani mai rini ya ce a sa da shi. Kafin shayi ya huce Ƙasimu ya tashi da odar randuna har ya rasa ta wa zai fara, ya tafi gida yana taku ɗai-ɗai.

Matarsa Barakatu tana tankaɗe ya ba ta labari. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, wa zai cika ta?"

"Ke dai ba ki san kasuwa ba."

"Na san rijiya. Ni nake jan guga a gidan nan."

"Matar Sarkin Tukwane ba ta jan guga."

"To Allah ya kai mu. Kafin nan matsa mini, kana tsaye a kan tabarmar garina."

Aka fara aiki a ƙarƙashin tsamiyar bayan gida. Ya'u mai jakai ya yi ta jigilar yumɓu daga bakin kogi har jakunan suka fara tsayawa da kansu in sun hango ƙofar Ƙasimu. Ita babbar randa, yadda ake gina ta, magini yana zagaya ta ne, hannu ɗaya a ciki yana tokarewa, ɗaya a waje yana bugu. Wannan kuwa ba a je ko'ina ba ta fi ƙarfin hannu. Sai Ƙasimu ya yi dabara, ya shiga ciki, ya bar Ya'u a waje yana miƙo yumɓu yana buga masa. Da gini ya wuce kansa ya sa aka zura masa turmin Barakatu ya hau. Yana ginawa yana waƙa, yana yi wa Ya'u bayanin yadda zai gyara sana'ar tukwane idan rawani ya hau kansa.

Zance ya yi daɗi, hannu kuma ya ci gaba da abin da ya saba tun yana yaro. Ya tattaro kafaɗar randa, ya matse wuya, ya murza baki ya fito das, daidai bakin randar ɗaki. Ya shafe shi da ruwa, ya ja da baya don ya yaba aikinsa, sai ya ga sama ta koma 'yar ƙaramar tagar da ba ta fi faifai ba.

"Ya'u!"

"Na'am."

"Kana ganin bakin nan daga waje?"

"Ina gani. Wallahi ya yi kyau. Ta ina za ka fito?"

Ƙasimu ya ɗaga kai ya sake duban bakin. Yumɓu ɗanye ne, in ya dafa baki zai rufto, in an jingina tsani zai lotsa. Ya'u ya ce a yanka wuyan da wuƙa a sake wani. Ƙasimu ya rantse babu mai taɓa wuyan nan, tunda yake bai taɓa yin mai kyansa ba. A bar shi a ciki har ta sha iska ta yi ƙwari.

Haka aka yi. Barakatu ta ɗaura guga a reshen tsamiya tana zura masa tuwo. Lokacin salla ya yi sai a ji murya daga cikin randa tana cewa, "Barakatu, ina gabas?" Ita kuma ta je ta ƙwanƙwasa masa gefen. Sauran buƙatun ɗan Adam kuwa kada ku tambaye ni, ni ma ban tambaya ba. Unguwa ta ɗauka, mutane suka riƙa zuwa gaisuwa kamar an yi haihuwa. Su tsaya a gindin randa su yi sallama, su tambayi gajiya, su tambayi iyali, su tambayi zafi, Ƙasimu yana amsawa daga ciki da murya mai amo kamar ta aljani, "Lafiya lau, alhamdu lillahi, aiki ne ya riƙe ni."

Har Baba Wali ya dogaro sandarsa ya zo.

"Ƙasimu, kana ciki?"

"Ina ciki, Baba. Ina duba aiki ne. Su ma masu ƙera jirgi sai sun kwana a ciki kafin su ba da shi."

"To madalla. In ka gama dubawa ka fito, duniya tana nan inda ka bar ta."

Da randa ta yi ƙwari, shi kuma zama ya rage masa tumbi, aka zura masa kwalbar man gyaɗa ya shafe jikinsa, aka ɗaura masa igiya a hammata, aka rataya ta a reshe, aka ɗaura ɗaya bakin a jikin jakin Ya'u. Jaki ya ja, Ƙasimu ya taso yana salati, kai ya fito, kafaɗa ta tsaya, aka ƙara wa jaki bulala, sai ga shi ya fito sul yana lilo a sama yana ƙyalli. Jama'a suka yi kabbara. Bai ko sauko ba ya ce, "Kun ga ƙwarin wuya? Ko tsagewa bai yi ba."

Barakatu ta ce, "Turmina fa?"

Turmi dai ba ya shafa mai ya rage ƙiba. Yana ciki, kuma a ciki ya zauna. Daga ranar a gidan maƙwabta take daka, kuma duk bugun taɓarya ɗaya sai ta ambaci sunan mijinta.

Ana jiran randa ta gama bushewa sai wani hantsi rediyon Maikano ta kawo labari daga ƙasashen waje. Wai wasu kamfanonin jiragen sama sun fara soke odar manyan jiragen nan. Kujeru ba sa cika, jirgi ya tashi rabinsa iska. Ga shan mai, man kuma ya yi tsada, wato tsadar nan da ta sa mu muke faɗaɗa riguna ita ce take hana su barci. Wasu filayen jirgin ma ba sa iya ɗaukarsu. Kowa a teburin ya juyo yana kallon Ƙasimu.

Maikano ya yi gyaran murya. "Malam Ƙasimu, dama ina son in gan ka. Na auna rumfata. In randar nan ta shiga, ni da tebur sai mu fita."

"Sai ka faɗaɗa rumfa."

"A'a, a dai dakata da tawa tukuna."

Ladan ya ce shi ma ya yi tunani, masu zuwa sallar asuba ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ruwan zai yi gansakuka kafin a sha rabinsa. Mai rini kuwa ya tashi ya bar shayinsa, daga ranar kuma in ya hango Ƙasimu sai ya tuna yana da uzuri a wani lungun.

Ƙasimu ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Ku ƙananan 'yan kasuwa ne, da ku da kamfanonin naku. Tsoro ne kawai. Kasuwar babban abu tana gaba, mutane ƙaruwa suke yi ba raguwa ba. Kuma ni dama ba don ku na gina ba, Alhaji Haladu yana nan."

Ya faɗa da ƙarfi, amma a hanyar gida ya tuna rawanin Baba Wali yanzu a wuyan randar nan yake rataye.

Lokacin gasa randa ya zo. A al'ada maginan unguwa rami ɗaya suke haɗa kayansu su gasa, amma wannan ko rabinta ramin ba zai ɗauka ba, dole aka gasa ta a inda take. Ta cinye karan Ƙasimu, ta cinye na aro, ta cinye dangar gidansa, ta lashi gefen dangar maƙwabci. Tsamiya ma ta rasa rabin ganyenta. Da wuta ta mutu randa ta fito jawur daga sama, gwanin kyau. Gindin ne dai, inda ya fi kauri, Ƙasimu ya ga launinsa bai yi masa ba, sai ya tara toka ya rufe.

Baba Wali ya zo ƙwanƙwasawa, don babbar randa ba ta shiga kasuwa sai Sarkin Tukwane ya ji muryarta. Ƙasimu ya riga shi, ya haye tsani ya buga kafaɗarta da ɗan yatsa. Ta yi ƙara rau.

"Ka ji, Baba?"

"Na ji sama. Gindin fa?"

"Haba Baba, sama ta amsa, ƙasa za ta ƙi ne? Kada toka ta ɓata maka riga."

Tsoho ya dube shi ya ce, "Juma'a mai zuwa bayan an sauko, a layin tukwane zan yi naɗi. Allah ya sa mu ji alheri."

Ana jibi Juma'a motar Alhaji Haladu ta tsaya a ƙofar gida. Ƙasimu ya fito da gudu, aka gaisa, aka sake gaisawa, Alhaji yana ta tambayar iyali har da waɗanda ba a haifa ba. Daga nan Ƙasimu ya san akwai magana.

"Ƙasimu, kamfanin nan fa sun fasa. Sun ce babban jirgi ba zai fitar da su ba. Ƙanana za su kawo, alhazai su tafi rukuni-rukuni. Ka ga ke nan babu taro a filina."

"Randar fa, Alhaji?"

"Ai ka ga ba laifina ba ne, daga sama abin ya zo. Amma ka yi ƙoƙari, wallahi ka yi ƙoƙari." Ya leƙa ta taga ya ƙara kallonta, ya ce, "Kai! Allah ya kawo mai saye," sannan ya ja mota.

Barakatu tana bakin zaure ta ji komai. Ta ce a hankali, "Malam, ka bar ta a nan mu riƙa zuba dawa. Ka je wurin Baba da tulunanka, ya san hannunka."

Da ya ji ta, da labarin ya ƙare a nan. Amma Ƙasimu ya ce idan jirgi ya fasa ai shanu ba su fasa shan ruwa ba, kuma kasuwar Wudil ranar Juma'a babu irin attajirin da ba ya zuwa. A gaban Baba Wali zai sayar da ita, kowa ya gani.

Ranar Juma'a aka fasa katangar bayan gida, aka shimfiɗa harawa a amalanken shanu, ƙarti suka ɗora randa. Ta ratsa gari yara da manya na biye, masu babura suna kaucewa cikin kwata. Aka sauke ta a kan tudun da ke saman layin tukwane, inda kowane magini ya jera kayansa a ƙasa, tuluna da kasake da tukwanen miya. Da aka sauko daga masallaci Baba Wali ya zauna a kan tabarma, sabon rawani a naɗe a cinyarsa, Sabo na gefe yana kallon ƙasa.

Ƙasimu ya tara duk 'yan garuwar kasuwa ya ce su cika ta daga kogi. Ya hau tsani yana karɓa yana juyewa yana shela.

"Ina fatake? Ina masu garke? Ga randar zamani! Cikawa ɗaya, shanunka su sha har su bar saura!"

Wani dillalin shanu ya matso ya ɗaga kai. "Malam, da me ake ɗiba?"

"Da guga."

"Da igiya?"

"Da igiya mana."

"To ai rijiya ce ka gina a sama. Ina da irinta a gida, tawa kuma ita take cika kanta."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Ƙasimu ya ce wannan bai san kaya ba, a ƙaro ruwa. 'Yan garuwa suka yi ta safa har harshensu ya fito, in ya leƙa ciki sai ya ga ruwan can ƙasa yana masa ƙyalli. Ana cikin haka wata mai fura ta nuna gindin randa ta ce, "Malam, kayanka fa na zufa."

"Ke, randar kirki ai sai ta yi zufa, shi ke sanyaya ruwa. Ku taɓa ku ji!"

Wani ya taɓa, yatsansa ya shige. Ya zaro shi da taɓo ya nuna wa jama'a. Gindin da wuta ba ta ratsa ba ya sha ruwa ya koma yumɓun da Ya'u ya ɗebo a bakin kogi. Randa ta yi wani nishi, ta karkata, ta zauna a kan kanta, sai ruwa ya ɓalle gaba ɗaya ya gangara layin tukwane. Tuluna suka bi shi suna karo da juna, kasake suna juyi, masu kaya suna bin abinsu da gudu riguna a hannu. Mai fura ta tsira da ƙwaryarta a ka. Ruwan bai tsaya ba sai da ya shiga kara, wato kasuwar dabbobi, shanu suka sunkuya suka sha, ba wanda ya saya musu. Tsani kuwa da ya rasa abin jingina sai ya tafi da Ƙasimu a hankali, ya ajiye shi a zaune tsakiyar taɓo, daidai gaban tabarmar Baba Wali.

Tsoho ya jiƙe har gwiwa. Ya matse bakin rawanin da ruwa ya taɓa, ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Sabo, matso." A nan cikin laka, gaban duk wanda ya zo cin kasuwa, ya naɗa masa. Ƙasimu yana kallon kowane zagaye na rawanin. Ya yi baƙin ciki irin wanda bai taɓa yi ba, don ya sani sarai da tulu ɗaya ya kawo da nasa ne.

A al'adar magina, wanda ya nema bai samu ba shi ke fara gaisuwa. Ƙasimu bai ma sha wahalar durƙusawa ba, dama yana ƙasa. Ya gyara zama, ya dunƙule hannu, ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Tukwane."

Sabo ya gyara zaman rawaninsa. Can ya ce, "Sarki ya gaishe ka. Kayan mutane da ruwa ya fasa, kai za ka gina musu."

"Na ji, ranka ya daɗe. Wane iri?"

"Ƙanana."

Ƙasimu ya share taɓo daga gemunsa, ya juya ya dubi kasuwar da ta kewaye shi, idonsa ya yi ja. "To kun ji dai da kunnenku," ya ce. "Sarki bai yi minti ɗaya a kan mulki ba, odar farko ni ya ba."